Tsohon akwati, sabuwar kwamfutar wasa: me zan yanka, me zan bari?

"Malam, barka da aiki. Na jima ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar tebur ta wasanni da hannuna. Yayana ya bar mini tsohon akwatin kwamfutarsa, baƙi ne na ƙarfe, gabansa a toshe, fanka ɗaya ce tal a baya. Ina so in yanka masa taga a gefe, in fesa masa farin fenti, in sa fitilu masu launi irin waɗanda nake gani a bidiyo. Amma ban taɓa haɗa kwamfuta ba, kuma ina tsoron kada zafi ya kashe mini kaya, ko in ɓata akwatin a banza. Da me zan fara? Anya ma wannan akwatin zai yi, ko in haƙura in sayi sabo?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma uku ce a ciki: ko akwatin zai ɗauki kayan zamani, ko zai iya fitar da zafinsu, sannan ta ina za a fara sa zarto. Ka lura da wani abu. Gyare-gyare ukun da ka lissafa, taga da fenti da fitila, duk na ido ne. Babu wanda zai rage wa kwamfutarka ko digiri ɗaya na zafi a cikinsu. Gyaran da zai yi wannan aikin ka ambaci matsalarsa da bakinka, sai dai ba ka tsaya a kai ba: gaban akwatin a toshe yake. Can aikinka na farko yake. Na yi shekaru ina haɗa kwamfutoci, na yanka akwatuna da dama, wasu sun yi kyau, wasu na ɓata su da hannuna, kuma har yau duk wanda ya zo mini da hoton akwati mai walƙiya, abin da nake fara tambayarsa shi ne ta ina iska za ta shiga.

Daga ina zafin yake zuwa

Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Katin hoto, wato kayan da ke zana hoton wasa a allo, idan mai shan wat 165 ne, tamkar ƙaramin murhu ne mai wat 165 da ka rufe cikin akwatin ƙarfe. Kuma bambancin katunan ba kaɗan ba ne. RTX 4060 na Nvidia yana shan kimanin wat 115, RX 7600 na AMD wat 165, RTX 4090 ya kai 450, RTX 5090 kuwa 575. Haka firosesa, wato ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi: Ryzen 5 7600 an tsara ta a kan wat 65, amma Core i9-14900K tana iya haurawa 253 idan aiki ya yi nauyi. Tsofaffin akwatuna irin na yayanka an ƙera su ne a zamanin da gaban akwati wurin na'urar faifan CD ne da rumbunan ajiya masu juyawa, katin hoto kuma ɗan ƙarami ne. Fanka guda a baya ta ishe su a lokacin. Yanzu ba ta isa.

Game da tsoron da kake yi kuwa, kwantar da hankalinka kaɗan. Da wuya zafi ya kashe kayan yau kai tsaye, domin suna da hanyar kare kansu. Firosesar Ryzen 7000 tana kaiwa digiri 95 sai ta rage gudu, na Intel yawanci a 100 suke yin haka, idan abin ya wuce kima kwamfutar ta kashe kanta. Asarar da za ka yi daban ce: ka biya kuɗin doki ka samu tafiyar jaki. Wasa zai fara lafiya lau, bayan minti ashirin ya soma sarƙewa, fankoki suna ihu kamar za su tashi sama. Wannan shi ne abin da muke gudu.

Tef kafin zarto

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ɗauko tef ka buɗe akwatin. Sa'arka ita ce, tun 1995 da Intel ta fito da tsarin ATX, girman madabod, wato babban allon da komai ke hawa kansa, da wuraren ɗaure notinsa ba su canza ba. Cikakken ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 da 244, Mini-ITX kuma 170 da 170. Hanya mafi sauƙi ta gane wanda akwatinka zai ɗauka ita ce ka ƙirga ramukan kati da ke baya. Bakwai, ATX ne, kuma zai ɗauki ƙananan ma. Huɗu, microATX ne.

Akwai tarko ɗaya a nan. Idan akwatin na kwamfutar ofis ne da aka sayo a haɗe daga manyan kamfanoni, da yawansu ba sa bin tsarin ATX. Ramukan noti a wani wuri daban, na'urar wuta mai siffa ta musamman, wayar maɓallin kunnawa mai kai irin nasu su kaɗai. Duba bayansa: idan akwai buɗaɗɗen rami mai kusurwa huɗu inda ake cusa farantin da ke rufe bakin USB da sauran mashigai, alama ce mai kyau. Idan ramukan mashigan an huda su ne a jikin ƙarfen akwatin kansa, to ka haƙura da shi. Ana iya yanka shi a gyara, na taɓa yi, amma kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, balle ga wanda bai taɓa haɗawa ba.

Sai awo uku. Na farko, daga ramukan kati na baya zuwa abin da ya fara tare hanya a gaba, wanda yawanci kejin rumbunan ajiya ne. Wannan shi ne iyakar tsawon katin hotonka. Katuna masu fanka biyu sukan tsaya a milimita 200 zuwa 250, masu uku kan wuce 300. Idan kejin ne ya tare, ba matsala ba ce, domin da ribit aka kama shi, kuma bakin direl mai milimita 3 ko ɗan sama da haka yana cinye kan ribit cikin daƙiƙu. Cire shi ma riba biyu ce, ka samu fili, ka kuma buɗe wa iska hanya. Sai dai ka girgiza akwatin bayan ka cire, don a wasu akwatunan kejin yana cikin abin da ke riƙe da ƙashin jikinsu. Awo na biyu, daga farantin da madabod ke kwanciya zuwa murfin gefe. Ƙarfen sanyaya firosesa mai tsayi kamar hasumiya yakan kai milimita 150 zuwa 165, kuma tsofaffin akwatuna da yawa sirara ne. Kada ka manta madabod da firosesa ma suna cin nasu wurin, taga kuma za ta ƙara cin milimita uku ko huɗu ta ciki. Na uku, faɗin gaban akwatin ta ciki: zai ɗauki fanka mai milimita 120 guda biyu, ɗaya a kan ɗaya? Idan amsar e ce, akwatinka zai yi.

Ban ga akwatin ba, don haka tef ɗinka ne zai yanke hukunci, ba ni ba. Abin da zan iya cewa shi ne, tsohon akwatin da aka buɗe wa gaba yana ɗaukar matsakaicin kati da firosesa mai wat 65 ba tare da wata wahala ba. Idan kuwa burinka kati mai wat 300 ne zuwa sama, sayi sabon akwati mai gaban raga, ka yi wa wancan ado.

Kayan ciki

Ba zan daɗe a nan ba, don ba shi ne zuciyar tambayarka ba, amma kuskure a nan ya fi kowanne tsada. Fara daga allon da za ka kalla. Mai 1080p bai buƙatar katin da mai 4K ke buƙata, kuma sayen babban kati don allo mai nuna hoto 60 a daƙiƙa zubar da kuɗi ne. A kwamfutar wasa katin hoto ne ke cin kaso mafi girma, firosesa mai ƙwaƙwalwa shida ta wadatar da yawancin wasanni.

Firosesa da madabod da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, tare ake zaɓensu, don dole bakinsu ya zo ɗaya. Soket shi ne mazaunin firosesa a jikin madabod: AM4 na AMD, wanda ya fito a 2016, da RAM irin DDR4 yake aiki. AM5 na 2022 DDR5 kawai yake karɓa. LGA1700 na Intel, mai ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14, akwai allunansa na DDR4 akwai na DDR5, amma allo ɗaya ba ya karɓar duka biyun, sai ka karanta da kyau. DDR4 ba ya shiga ramin DDR5 ko da ƙarfi, don tsagar ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba. Sayi RAM sanda biyu, ba ɗaya ba, 16GB a ƙalla, 32GB idan da hali. Ajiya kuma ka ɗauki SSD irin M.2, ɗan siriri mai faɗin milimita 22 da tsawon 80 da ke kwanciya a jikin madabod. Shi ya sa ma ba ka buƙatar wancan kejin.

Inda nake faɗa da mutane shi ne na'urar wuta, wato PSU. Kada ka yi amfani da tsohuwar da ke cikin akwatin yayanka, kuma kada ka sayi marar suna don an rubuta mata wat 800 a jiki. Ita kaɗai ce idan ta mutu takan tafi da maƙwabtanta. Ga matsakaiciyar kwamfuta, wat 550 zuwa 650 daga kamfanin da aka sani ya isa. Tambarin 80 Plus da za ka gani yana nuna yadda take tattalin wuta ne, ba shaidar ingancin kayan cikinta ba ne, don haka ka nemi bayanin waɗanda suka gwada ta. Kuma ko don fenti ko don canza fanka, kada ka taɓa buɗe cikinta. Akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki bayan an zare ta daga bango, kuma suna iya kisa.

Buɗe wa iska hanya

Duk wani yanka da huda da fenti a kan akwati fanko ake yinsa. Ba na nufin ka rufe madabod da tsumma, ina nufin babu komai a ciki, har wayoyin gaba da maɓallin kunnawa a cire su. Na koyi wannan da tsada. Na taɓa huda rami ɗaya tak a akwatin da aka riga aka haɗa, ina ganin ai na tare da takarda, ashe ɗan garin ƙarfe ya faɗa cikin ramin RAM. Sauri ya haifi nawa, na kwana biyu ina neman abin da ya hana ta tashi.

Gaban akwati hawa biyu ne: ƙarfen ciki da murfin roba na waje, kuma dole iska ta ratsa duka biyun. A ƙarfen ciki za ka ga wasu ƙananan huji da aka buga a matsayin mashigar iska. Kada su ruɗe ka, ƙarfen da ke tsakaninsu yakan fi hujin yawa, suna tare iska suna kuma ƙara ƙara. Yanke su gaba ɗaya. Fanka mai milimita 120 ramukan notinta milimita 105 ne tsakaninsu, mai 140 kuma 124.5. Ba sai ka yi lissafi ba ma: ɗora fankar a kan ƙarfen, ka zana ramukan noti huɗu da da'irar ciki da alƙalami. Zarton da'ira mai milimita 114 da ake ɗaura wa direl shi ya fi fitar da rami mai tsabta, amma yana fizga idan ya kama, sai ka danne ƙarfen a kan katako, ka tafi a hankali da ɗan mai. Idan ba ka da shi, ƙaramin injin yanka irin Dremel ko almakashin ƙarfe zai yi, ka bi da magagari ka goge kaifin. Wannan ramin murfi zai rufe shi, ba wanda zai ga karkacewarsa, shi ya sa nake son sabon hannu ya fara koyo a nan kafin ya taɓa taga. Sa tabarau na kariya. Faifan Dremel yana fashewa, kuma ba ya sallama.

Murfin roba shi ne ainihin aikin. Yanke tsakiyarsa, ka bar firam mai faɗin yatsa biyu ko uku a kewaye, kana kiyaye ƙugiyoyin da ke kama shi da jikin akwati. Roba tana narkewa idan injin ya yi gudu da yawa, zarton hannu mai ƙananan haƙora ya fi. Sai ka manna ragar ƙarfe ta ciki, ka fesa mata baƙi ko ka bar ta fari daidai da jikin. Bayan ragar a sa matatar ƙura, irin mai maganaɗisu da ake cirewa a wanke. Matata tana rage iska, gaskiya ne, amma na fi son in rasa digiri biyu da in riƙa kwance kati duk wata ina busa.

Tsarin fankoki mai sauƙi ne, mutane ne ke rikita shi. Biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Da yake mai shiga ta fi mai fita yawa, rarar iskar takan fita ta kowace kafa da tsaga, ƙura kuma ba ta samun shiga sai ta inda ka sa matata. Idan ka juya lissafin, masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta duk wani huji. Gane fuskar fanka kuma ba wuya: iska tana fita ta gefen da sandunan da ke riƙe da injinta suke, kuma yawancinsu akwai kibiya a gefe. In kana shakka, ɗan yankin takarda zai nuna maka. Sayi masu fil huɗu, waɗanda ake kira PWM, don madabod ya iya rage musu gudu lokacin da ba ka wasa. Bakin fanka ɗaya a madabod yawanci amfiya 1 yake ɗauka, fanka biyu ko uku a kansa ba laifi, fiye da haka ka duba abin da aka rubuta a jikinsu.

Idan PSU a sama take zama, kamar yadda take a tsofaffin akwatuna da yawa, za ta riƙa shaƙar iska mai zafi daga firosesa. Ba dalilin jefar da akwati ba ne, amma dalili ne na tabbatar da fankar baya mai kyau ce, da yanke wa fankar bayan nata hujin kamar yadda ka yi a gaba, ka sa mata ragar waya don yatsu. Fanka a rufin akwati kuwa ban cika damuwa da ita ba a matsakaiciyar kwamfuta. Wani lokaci ma, idan an sa ta can gaba, sai ta sace iskar da ta shigo kafin ta isa firosesa.

Taga

Da akirilik za ka yi, wato robar nan mai kama da gilashi, mai kaurin milimita 3. Gilashin da ke jikin akwatunan zamani gasasshe ne, ba a yanka shi, ba a huda shi, da ka gwada zai tarwatse ya zama tsakuwa. Idan wata rana ka mallaki irinsa, kada ka ajiye shi a kan tayil, gefensa na taɓa tayil da ɗan ƙarfi ya tashi aiki.

Kafin ka zana tagar, tambayi kanka me kake son a gani. Madabod da kati da ƙarfen sanyaya, e. PSU da tarin wayoyi, a'a. Sabon hannu yakan yanka taga iya girman murfin, sai ya zama ya tona wa kansa asiri. Bar aƙalla milimita 30 daga kowane gefe, ka duba bayan murfin ka ga inda ƙugiyoyi da lanƙwasar ƙarfen suke, don su ne ƙarfinsa. Lulluɓe murfin duka da salatif na takarda, ka yi zanen a kai. Huda kusurwoyi huɗu da babban baki don su fito da lanƙwasa, kusurwa mai lanƙwasa ta fi kyau ta kuma fi sauƙin rufewa. Sai ka haɗa ramukan da zarton lantarki mai ruwan yankan ƙarfe. Ƙarfen murfi siriri ne, bai kai milimita ɗaya ba, yana rawa yana lanƙwashewa, don haka a danne shi a kan katako kusa da layin da ake yankawa. Yanka ta cikin layi, magagari ya ƙarasa. Bayan fenti sai ka zagaye bakin da robar nan mai tsaga da ke hawa kan kaifin ƙarfe, ita ce ke rufa wa hannun da ya karkace asiri. Akirilik ɗin ya fi ramin girma da milimita 15 zuwa 20 ta kowane gefe, a manna shi ta ciki da salatif mai manne biyu mai ƙarfi. Ba sai da noti ba, huda akirilik kusa da baki yana tsaga shi. Kada ka cire takardar jikinsa sai a ƙarshe, kuma kada ka goge shi da sifirit, yana sa shi ƙananan tsagogi. Ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

Fenti da fitila

Farin fenti a kan baƙi shi ne mafi tona asiri. Wanke maiƙo, ka goge jikin da samfefa mai lamba 400 har ƙyallin ya mutu. Ba sai ka kai ga tsirarar ƙarfe ba, sai inda tsatsa ta ci. Fesa fentin shimfiɗa fari ko ruwan toka mai haske, inda ƙarfe ya fito tsirara a yi amfani da irin wanda ke kama ƙarfe, murfin gaba kuma da na roba. Riƙe gwangwanin nesa da santimita 20 zuwa 30, hannu yana tafiya kafin ka danna, yana tafiya bayan ka saki. Shafi uku ko huɗu marasa kauri, ba ɗaya mai kauri ba. Shafin farko zai yi muni, baƙi yana leƙowa, a nan ne zuciya ke cewa ƙara, a nan ne kuma fenti ke zuba ya yi hawaye. Yi a fili mai iska, da abin rufe hanci. Toshe ramukan noti da wuraren da madabod da PSU ke taɓa ƙarfe, don ta nan suke haɗuwa da jikin akwati, fenti kuma yana raba su.

Abin da ya fi wuya shi ne jira. Fenti yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya, amma bai yi tauri ba sai bayan kwanaki. Ina da wani murfi da har yau hoton babban yatsana ke jikinsa. Ba shi mako guda.

Fitila kuwa abu ɗaya za ka riƙe da kyau. Iri biyu ce: mai fil huɗu mai bolt 12, wadda duk layin ke yin launi ɗaya a lokaci guda, da mai fil uku mai bolt 5, wadda kowane ƙwai ke iya yin nasa launin. Bakunansu sun yi kama, kuma idan ka cusa mai bolt 5 a bakin 12 ta ƙone nan take. Duba littafin madabod kafin ka saya. A ra'ayina layi biyu sun isa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a ɓoye su bayan bakin taga yadda haske za a gani ba ƙwayayen ba. Farin ciki na akwati yana mayar da haske sosai, kaɗan ma zai yi yawa.

Haɗawa

Yayin da fenti ke bushewa, haɗa kwamfutar a waje, a kan kwalin madabod. Taɓa ƙarfe kafin ka taɓa kaya, ka riƙe su ta gefe. Firosesa tana da alamar kusurwa uku da za ta dace da ta soket, ajiye ta ake yi, ba a dannawa. A AM5 da Intel filolin a cikin soket suke, a AM4 a jikin firosesa, kuma ko'ina suke ba sa yafe kuskure. RAM sanda biyu a allo mai rami huɗu yawanci a rami na biyu da na huɗu daga firosesa suke zama. Man zafi, wanda ake sawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, ɗigo ɗaya a tsakiya ya isa, kuma ka duba ƙasan ƙarfen sanyaya, akwai 'yar leda da ake mantawa ba a ɓare ba. Sa kati, haɗa wuta, ka taɓa fil biyu na kunnawa da bakin sukudireba. Wayar allo a jikin katin hoto take shiga, ba a madabod ba. Idan DDR5 ne, tashin farko yana iya ɗaukar mintuna allo baƙi, kada ka firgita ka kashe.

Ta tashi? Sai a koma akwati, bayan ka share garin ƙarfe da maganaɗisu da tsumma. Farantin baya, mai rufe bakin USB da sauran mashigai, shi ne farko. Sannan ƙafafun tagulla da madabod ke zama a kansu: kowace ƙafa ta dace da rami a madabod, kuma kada a bar ko ɗaya a inda babu rami. A tsohon akwati wannan ne ya fi kama mutane, don ƙafafun allon yayanka suna nan inda ya bar su, ɗaya tana iya taɓa bayan naka ta haɗa wuta. Wayoyin wuta a tura su har sai sun yi ƙas. Wannan ya fi muhimmanci ga sabon bakin nan mai fil 16 na manyan katunan Nvidia, wanda a 2022 aka samu rahotannin narkewarsa, akasari inda bai shiga har ƙarshe ba. Idan PSU ɗinka mai cire wayoyi ce, da wayoyinta kaɗai za ka yi aiki, na wata ko sun shiga ramin jerin filolinsu na iya bambanta. Tsohon akwati ba shi da fili a bayan farantin da madabod ke kwanciya, sai ka tattara rarar wayoyi ka ɗaure su a ɗakin CD na sama, inda taga ba ta kai ba, iska kuma ba ta bi.

Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka kunna saitin gudun RAM da ake kira XMP, ko EXPO a AMD, in ba haka ba RAM ɗinka zai yi ta tafiya ƙasa da gudun da ka biya. Windows 11 tana buƙatar wani tsarin tsaro mai suna TPM 2.0, allunan yanzu suna da shi a ciki.

Ban taɓo sanyaya da ruwa ba da gangan. Akwatinka ba a yi shi don haka ba, kuma firosesa mai wat 65 ba ta buƙata. Haka tsayar da kati a tsaye don a ga fankokinsa ta taga: a siririn akwati zai manne da akirilik ya rasa numfashi.

Gwajin da zai gaya maka ko yankanka ya yi aiki ba ya buƙatar komai sai manhajar HWiNFO da rabin awa. Rufe akwatin, ka buga wasa mai nauyi minti talatin, ka rubuta zafin firosesa da na kati. Cire murfin gefe ka maimaita. Idan bambancin digiri biyu ne ko uku, iska tana gudana yadda ya kamata, mayar da murfinka. Idan ya kai takwas ko goma, akwai inda ta maƙale. Fara da cire matata ka sake gwadawa, sannan murfin gaba, ɗaya bayan ɗaya, har ka ga wanda cire shi ya sauko da lambar. Sau da yawa raga ce mai ƙananan ido fiye da kima, ko fanka ɗaya da aka ɗaura a juye.